Asibitin dabbobin da ya yi wa karena aikin murɗewar ciki

Karen gadi ne nake da shi a mangazar ayata, a unguwar Zariya nan Maradi. Irin na Jamus ne, mai zurfin ƙirji, irin da likita ya ce murɗewar tumbi ta fi kamawa. Wani dare bayan isha'i ya ci tuwo da yawa, ya yi guje-guje, sai cikinsa ya kumbura kamar ganga, yana yunƙurin amai ba abin da ke fitowa sai yawu.

Muka kai shi asibitin dabbobi, likitan ya buɗe mana cikin dare bai yi ƙorafi ba. Ya saki iskar, ya warware tumbin, ya ɗinke shi da bangon ciki don kada ya sake juyawa. Saifar ta lalace, ya cire ta.

Inda ya burge ni, bai ɓoye mini komai ba. "Alhaji, kwana 3 na farko su ne haɗarin," in ji shi. Jini kan daskare gudaji-gudaji a ƙananan jijiyoyi, har abin da ke tsayar da jini ya ƙare, sai zuba ta biyo baya. Rana ta 2 kuwa na ga jajayen ɗigo a dasashin karen, ɗinkin yana tsattsafo, numfashi sama-sama. Likitan ya mayar masa da ƙarin ruwa, yana sauraren zuciyarsa akai-akai.

Ƙorafina ɗaya: ba su da na'urar auna daskarewar jini, kuma ba mai kwana da dabba, yarona ne ya yi jinya. Kuɗin ma ya ciji aljihu. Yanzu sau 3 nake raba wa karen abinci a rana.