Sharhi kan dillalin da ya mayar mini da bizar ritaya cikin sabon fasfo

Ƴan uwana na Maradi masu zama Tailan da bizar ritaya, ga abin da na gani game da aikin wani dillalin takardu a Bangkok. A taƙaice aikinsa ya yi kyau, kuɗinsa ne suka yi yawa.

Fasfona ya kusa ƙarewa, kuma hukumar shige da fice ta can ba ta ba mutum izinin zaman da ya wuce wa'adin fasfonsa. Na dawo gida na sabunta a Yamai. Tun kafin in taso dillalin ya nace sai na karɓi izinin sake shiga ƙasar, bat (kuɗin Tailan) 1,000 na shiga ɗaya, domin wanda ya fita babu shi, izinin zamansa ya mutu. Wannan shawarar kaɗai ta isa in gode masa. Da izinin ya mutu, sai in koma farko: shaidar shekara 50, da bat 800,000 a banki ko kuɗin shiga bat 65,000 kowane wata. Dattijon da ya ajiye kasuwa bai kamata ya sake shan wannan wahala ba.

Ya kuma ce mini, "Alhaji, kada ka rabu da tsohon fasfon ko an huda shi, hatimin bizarka yana ciki." Haka aka yi, da guda biyun na shiga, ba wanda ya tsayar da ni.

A ofishin shige da fice na Chaeng Watthana da ke Bangkok, shi ya cike takardar, ya jera kwafin shafukan tsoho da sabo, ya yi mini tafinta. Ranar aka gama.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne bai faɗa mini cewa mayar da hatimin kyauta ne ba. A bakin wani da muke jira tare na ji. Ladan gumi halal ne, amma ka gaya wa mutum wane ne na hukuma, wane ne naka. Ciniki dai ya fi daɗi a sarari.

Ku sani mayarwar ba ta ƙara ko kwana ɗaya, kuma rahoton adireshi da baƙo ke kai wa hukuma duk kwana 90 yana nan daram. Mai jin Turanci ya je da kansa. Wanda ba ya ji, ya ɗauki dillali, amma a yanke lada tun kafin ya miƙa fasfo.