Diskon Afirka a faifai: na asali ko haɗin gidan rawa?

Ɗan'uwa, ka ce kuɗin faifai ɗaya gare ka, kana ta waswasi tsakanin diskon Afirka na asali da wanda aka sake haɗawa don gidan rawa.

Na asali shi ne abin da makaɗa suka buga da hannunsu. Ɗauki "Soul Makossa" ta Manu Dibango, mutumin Kamaru. A 1972 ta fito, a bayan ƙaramin faifai mai inci 7 na waƙar gasar cin kofin Afirka da aka buga a ƙasarsu. David Mancuso, wani mai sa faifai, ya tsinci faifan a wani shago a Brooklyn, ya riƙa sa shi a wurin rawarsa na New York, kafin a ankara ta mamaye gidajen rediyon Amurka a 1973. Irin wannan faifai gajere ne, da wuya gefe guda ya wuce minti biyar.

Na gidan rawa kuwa inci 12 ne, galibi waƙa ɗaya a gefe. Tom Moulton, wani mai haɗa kiɗa, na cikin waɗanda suka assasa shi, kamfanin Salsoul kuma ya fara sayar wa jama'a a 1976. Da yake layukan da allura ke bi sun samu fili, sauti ya fi ƙarfi, dukan ganga har a ƙirji kake jin sa. Mai haɗin yakan ja farkon waƙa da ganga zalla, ya janye murya a tsakiya, don mai sa faifai ya shigo da wata waƙar ba tare da masu rawa sun tsaya ba.

A nan ne nake da ja. Makaɗin wancan zamani mutum ne, yakan ɗan yi sauri idan waƙa ta yi zafi, ya ɗan lafa idan mai busa ya shigo. Wannan ɗan lilon shi ne daɗin kiɗan. Masu haɗin yanzu da yawa sukan miƙe shi da kwamfuta, su aza masa bugun na'ura a ƙasa. Ƙafa takan ji daɗi, amma hirar da ke tsakanin ganguna ta tafi. Akwai masu haɗi masu kunya, waɗanda tsawaitawa kawai suke yi, ba su taɓa bugun ba; su nake girmamawa.

In a ɗaki za ka saurara, sayi na asali. Tsofaffin bugu na Legas sun yi tsada, yawanci kuma sun karce, don haka nemi sabon bugu, kamar tarin waƙoƙin William Onyeabor na Inugu da kamfanin Luaka Bop ya fitar a 2013, ko na diskon Najeriya daga kamfanin Soundway. In kuwa taro za ka sa wa kiɗa, inci 12 ne zai fisshe ka. Sai dai ka duba bangon: wanda ba sunan kamfani ba shaidar izini, da wuya ko sisi ya kai ga makaɗin ko magadansa.