Progressive Rock Ya Yi Yawa: Me Za Ka Saurara, Me Za Ka Saya?

Wanda ya fara sha'awar progressive rock, wato salon kiɗan rock mai dogayen waƙoƙi da masoyansa ke kira prog a taƙaice, ba rashin abin sauraro ne ke damunsa ba. Yawan abin ne. Salon ya kankama a Ingila a 1969, shekarar da King Crimson suka saki In the Court of the Crimson King, kuma har yau ana ta ƙari. Shafin Prog Archives kaɗai ya jera dubban ƙungiyoyi. Ga shi kuma kiɗa ne mai cin lokaci: waƙa ɗaya kan kai minti 20, kuma mafi yawan albam ɗin sai an maimaita su kafin kunne ya kama inda suka dosa. Idan kana da awa ɗaya kullum, kana bai wa kowane albam sauraro uku, abin da za ka sani da gaske a shekara bai wuce albam ɗari da 'yan kai ba. A kan wannan lissafin ya kamata ka tsara kuɗinka da datarka.

Fara da reshe, kada ka fara da sunan ƙungiya

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ji an yabi wata ƙungiya, sai a ɗauki duk albam ɗin da ya faɗo hannu. Genesis ta 1972, lokacin da Peter Gabriel ke waƙa, daban take da Genesis ta 1986 da ta yi Invisible Touch; ta biyun kiɗan rediyo ce zalla. Haka Yes: Close to the Edge na 1972 waƙoƙi uku ne a cikin kimanin minti 38, shi kuwa 90125 na 1983 gajerun waƙoƙi ne na zamaninsa. Shekarar da ke bayan faifai ta fi sunan da ke gabansa faɗin abin da za ka tarar a ciki. Ga manyan ƙungiyoyin Ingila, tsakanin 1969 da 1977 ne kasuwar ta ci.

Reshen da ya fi sauƙin shiga shi ne mai kama da kiɗan okestira, inda ogan da mellotron ke cika fili. Mellotron wani kibod ne da kowane maɓallinsa ke kunna guntun tef mai ɗauke da sautin goge ko sarewa ko muryoyi na kimanin daƙiƙa takwas, shi ne ke ba da amon nan mai rawa-rawa kamar na tsohon fim. Nan ne gidan Yes da Genesis da Camel. Selling England by the Pound na 1973 ko Mirage na Camel na 1974 sun isa gwaji. Wanda ke son abu mai natsuwa, mara gudu, ya nufi Pink Floyd, The Dark Side of the Moon na 1973 ko Wish You Were Here na 1975.

Mai son zafi da duhu, Red na King Crimson na 1974 ne ƙofarsa, sai Pawn Hearts na Van der Graaf Generator na 1971 idan kunnensa na jure murya mai tsawa. Mai son jaz ya leƙa reshen Canterbury, wanda ya samo sunansa daga wani gari a Ingila, amma ya fara da In the Land of Grey and Pink na Caravan, kada ya fara da Third na Soft Machine, wanda ke buɗewa da hayaniyar ogan da ta kori mutane da yawa tun a mintunan farko. Wanda ya taso da rock mai nauyi zai fi sakewa da Moving Pictures na Rush na 1981, ko Images and Words na Dream Theater na 1992, ko In Absentia na Porcupine Tree na 2002.

Akwai reshen Italiya, wanda a ganina ya fi cancantar lokacin sabon shiga fiye da yadda ake ba shi. Albam ɗinsu gajeru ne, da yawa ba su kai minti 40 ba, kuma suna da daɗin rerawa. Per un amico na PFM da Darwin! na Banco, duka na 1972 ne. PFM sun sake rera yawancin waƙoƙin da Turanci a Photos of Ghosts na 1973, to amma na Italiyancin ya fi zama a bakinsu. Magma ta Faransa kuwa, wadda jagoranta Christian Vander ya ƙirƙiro mata harshe na kanta, a ajiye ta sai an yi nisa.

Ɗauki albam ɗaya daga kowane reshe, biyar ko shida ke nan, ka ba kowanne sauraro uku cikin wata guda. Reshen da ka samu kanka kana komawa gare shi ba tare da ka tilasta wa kanka ba, shi za ka bi. Sauran su jira.

Kada kuma ka ruɗu da tsawo. Ba kullum waƙar da ta fi tsawo ce bakandamiyar ƙungiya ba. Tales from Topographic Oceans na Yes waƙoƙi huɗu ne a faifai biyu, sama da minti 80, har mai kibod ɗinsu Rick Wakeman ya bar ƙungiyar a 1974 bayan yawon wasan albam ɗin. Daga shekarun 1990, da CD ya ba da damar minti 74 zuwa 80, ƙungiyoyi irin su The Flower Kings suka riƙa cika faifai maƙil, wani lokaci faifai biyu. Akwai alheri a ciki, amma ba wurin farawa ba ne.

Manhajar sauraro: ta gwaji ce

Spotify da Apple Music da YouTube Music su ne hanya mafi araha ta ɗanɗanawa kafin saye, kuma tun 2019 da King Crimson da Tool suka shigo, manyan giɓunan sun toshe. Sai dai an gina waɗannan manhajoji ne don gajerun waƙoƙi, saboda haka akwai saituna uku da sai ka taɓa. Kashe cakuɗa waƙoƙi, domin albam ɗin prog a jere aka tsara shi. Kashe crossfade, wanda ke haɗa ƙarshen waƙa da farkon ta gaba, yana cinye daƙiƙun da aka tsara da gangan. Kunna gapless, don kada a sami tsaiko a albam irin The Dark Side of the Moon da waƙoƙinsa ke zubowa cikin juna. Tsarin kyauta mai talla ma ɓarnar da yake yi ke nan, talla ta faɗo a tsakiyar abin da aka yi shi a dunƙule.

Batun data lissafi ne mai sauƙi. A ingancin sauti na 96 kbps awa ɗaya na cin kimanin MB 43, a 160 kbps MB 72, a 320 kbps MB 144. Tun da za ka maimaita albam sau uku ko fiye, sauke shi sau ɗaya a inda kake da Wi-Fi ya fi. Illar manhaja guda biyu ce: albam kan ɓace idan yarjejeniyar kamfani ta ƙare, sannan sau da yawa bugu ɗaya kawai suke ajiyewa, ba lallai mafi kyau ba.

Bandcamp, CD, da garmaho

Ga ƙungiyoyin da ke aiki yanzu da ƙananan kamfanoni irin su Cuneiform na Amurka, shafin sayar da kiɗa na Bandcamp ne ya fi. Kana iya sauraron da yawa kafin ka biya, idan ka saya kuma fayil ɗin naka ne, FLAC (wanda ba ya rage ingancin sauti) ko MP3. Albam na minti 45 a FLAC kan kai kimanin MB 300, katin memori mai GB 64 zai ɗauki kusan 200 ke nan. Fayilolin 24-bit da ake tallatawa sukan ninka wannan nauyin sau uku, kuma a waya da iyafis na yau da kullum ba za ka ji bambancin da ya kai kuɗin ba. Tsofaffin manyan ƙungiyoyi galibi ba sa Bandcamp.

CD na hannu shi ne cinikin da ya fi riba ga albam ɗin shekarun 1970. A Discogs, kasuwar faya-fayai ta intanet, kowane bugu yana da shafinsa, da shekara da ƙasa da lambar kamfani, don haka ba cinikin biri a sama ba ne. Abin da ke tada farashi shi ne kuɗin aikowa, wanda kan zarce kuɗin faifan. Maganinsa ka tara huɗu ko biyar daga mai sayarwa ɗaya. Ga ƙananan ƙungiyoyin da aka manta da su, bugun Esoteric Recordings na Ingila abin dogaro ne, da ɗan littafin tarihi a ciki.

Faifan garmaho shi ne asalin gidan wannan kiɗa. Gefe ɗaya na ɗaukar minti 20 zuwa 23 cikin walwala, shi ya sa manyan waƙoƙin zamanin suke wannan tsawon: Supper's Ready ta Genesis kusan minti 23 ce, Thick as a Brick na Jethro Tull kuwa waƙa ɗaya ce da aka raba gefe biyu. Idan aka cusa fiye da haka, dole a matse layukan faifan, ƙara ta ragu, ƙarar ƙura ta fito fili a wuraren shiru, kuma prog cike yake da wuraren shiru. Selling England by the Pound ya haura minti 50 a faifai ɗaya, don haka CD ɗinsa ya fi sauƙin sha'ani. Idan za ka sayi na hannu, kada ka sauko ƙasa da darajar VG+, wato faifan da alamun amfani kaɗan ne a jikinsa. Zafi na lanƙwasa faifai, ƙura na cin allura. A jera shi a tsaye, nesa da taga, kada a bar shi a mota. Bugun farko na kamfanin Vertigo ko na Italiya kan kai ɗaruruwan daloli, wannan harkar masu tara kaya ce.

Abin da garmaho ya fi kowa a kai shi ne zanen bango. Roger Dean, wanda zanensa ya zama tambarin Yes, shi ne ya zana giwaye masu fukafukai a bangon albam biyu na farko na Osibisa a 1971, ƙungiyar da Teddy Osei ɗan Ghana ya kafa a Landan tare da 'yan ƙasarsa da mawaƙan Karebiyan, har da Lasisi Amao ɗan Nijeriya.

Bugu nawa ne, wanne ne naka?

Nan ne kuɗi ke salwanta. Albam ɗaya na iya samun bugu biyar ko shida, kuma kalmomi biyu ne a bayan faifai ke raba su. Remaster na nufin an ɗauki haɗin sauti na asali an goge shi, an daidaita kauri da kaifi da ƙara. Remix na nufin an koma tef ɗin da kowane kayan kiɗa ke layinsa, an sake haɗawa daga tushe, don haka murya na iya matsowa gaba, ganga ta ƙara fitowa.

Sabon bugu ba lallai ya fi tsoho ba. Daga ƙarshen shekarun 1990 kamfanoni sun shiga gasar ƙara, suna danne sauti don komai ya fito da ƙarfi ɗaya. Kiɗan da ya dogara da tashi daga raɗa zuwa tsawa shi ne ya fi cutuwa, kuma alamar ita ce kunne ya gaji kafin albam ya kai rabi. Vapor Trails na Rush na 2002 ya sha suka a kan haka har aka sake haɗa shi a 2013, wannan na biyun za ka nema. Sabon haɗin albam ɗin Genesis da injiniyan sauti Nick Davis ya yi a 2007 da 2008 ya fito da abubuwan da da ba a ji sosai, amma masoya da yawa sun koka da dannewar, su kan nemi bugun 1994 ko wanda ya gabace shi, masu haɗin asali. Aikin sake haɗawa na Steven Wilson, jagoran Porcupine Tree, a kan King Crimson tun 2009, da Jethro Tull da Yes da Gentle Giant, ya fi samun karɓuwa, domin yakan bar kowane kayan kiɗa a inda yake a asali, ya share hazon kawai. Aqualung na Jethro Tull da ya sake haɗawa a 2011 misali ne mai kyau. Akwai rumbun Dynamic Range Database a intanet da ke ba kowane bugu lambar DR, wadda ke nuna tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa a cikinsa. DR 11 zuwa sama alama ce mai kyau, DR 6 ko 7 an danne shi.

Tarin "mafi kyawun waƙoƙi" kuwa, a bar shi a kanti. Thick as a Brick mai sama da minti 40 takan zo a minti uku, Roundabout ta Yes ma an taɓa yanke ta daga minti takwas da rabi zuwa uku da ɗoriya don rediyo.

Manyan akwatuna

The Road to Red na King Crimson na 2013 faifai 24 ne, mafi yawansu wasannin dandali na yawon Amurka na 1974, waƙoƙi kusan iri ɗaya dare bayan dare. Ga wanda ya haddace Red, bambancin kowane dare abin nema ne, domin ƙungiyar kan ƙirƙiri kiɗa nan take a kan dandali. Ga sabon shiga, kuɗin albam goma sha wani abu ne a zube wuri guda. Ƙa'idar ita ce kada ka sayi akwati sai ka san albam ɗin da aka gina shi a kai ciki da bai. Duba kuma nawa ne daga faya-fayan suke DVD ko Blu-ray masu sautin 5.1, domin wannan na buƙatar sifika shida da na'urar da ke raba musu sauti. Matsakaicin bugu mai CD ɗaya da DVD ko Blu-ray ɗaya, irin wanda kamfanin Panegyric ya yi wa Yes, yakan haɗa sabon haɗi da na asali, kuma ya ishi yawancin mutane. Akwatin da aka sa wa farashi ƙasa da rabin na kasuwa alhali yana cikin leda, a yi zargin jabu ne.

Kafin duk wannan, kuɗin farko ya tafi ga hedifon mai waya mai rufe kunne. Ƙaramar sifikar Bluetooth guda ɗaya tana haɗe hagu da dama wuri guda, alhali a albam irin Fragile na Yes an raba kayan kiɗan tsakanin kunnuwa biyu, jitar bes ta Chris Squire kuma tana buƙatar abin da zai iya fitar da kaurinta.

Wajen neman na gaba, jerin ɗari na farko a Prog Archives ya karkata ga albam ɗin shekarun 1970 da kowa ya sani, don haka ya fi amfani idan ka tace shi da reshe ko ƙasa ko shekara. Mujallar Prog ta Ingila, da ke fitowa tun 2009, da kamfanonin InsideOut da Kscope sun fi nuna abin da ake yi yanzu. Hanya mafi inganci kuwa ita ce bin makaɗi guda: wanda ya ji daɗin gangar Bill Bruford a Close to the Edge, zai same shi a Larks' Tongues in Aspic na King Crimson a 1973, sannan a albam ɗin farko na ƙungiyar U.K. a 1978.