Allon taurari na gyaran halin yara: yana aiki, amma sai an gyara tsarinsa

Allunan taurari da ake sayar wa iyaye kusan duk fasalinsu ɗaya ne: farin allo mai maganaɗisu da ake liƙawa a jikin firiji ko a rataye a bango, da ginshiƙai bakwai na kwanakin mako, da layukan ayyuka, da tarin taurari masu launi, sai alƙalamin da rubutunsa ke goguwa. Dabarar, wato ba yaro tauraro duk lokacin da ya yi abin da ake so, tana da tushe. Tun shekarun 1960 masana halayyar ɗan Adam ke amfani da ita, kuma shirin horar da iyaye na Triple P, wanda aka ɓullo da shi a Jami'ar Queensland ta Ostireliya, yana koyar da ita. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda masu ƙera allon suka tsara shi.

Layukan sun yi yawa. Uwa na ganin gurabe takwas ko goma sai ta cike su tas, yaro mai ƙiriniya kuwa ya duba ya ga ba zai kai labari ba, ya watsar. A cike biyu, iyaka uku. Ɗaya ya zama abin da yaron ya riga ya iya, don ya ɗanɗana nasara tun ranar farko.

Rubuce-rubucen da ke zuwa da allon, irin su "ladabi" ko "halin kirki", a ajiye su gefe, domin ɗan shekara 5 bai san me ake nema a wajensa ba. A rubuta abin da ido ke gani, kuma abin da za a yi, ba wanda za a bari ba: "wasa da ƙanina minti 10 ba tare da na doke shi ba" ya fi "kada ka yi faɗa". Wanda bai iya karatu ba a zana masa hoto.

Tauraro nan take ake bayarwa, yaron ya manna da hannunsa, a haɗa da yabon da ya faɗi ainihin abin da ya yi: "Ka kwashe kayan wasanka da magana ɗaya, madalla." Gurbin tukuicin ƙarshen mako da ke jikin allon ya yi wa ƙaramin yaro nisa, balle mai larurar rashin natsuwa da likitoci ke kira ADHD. Gara ƙaramin tukuici kullum, kamar zaɓen labarin dare ko ƙarin minti 10 na wasa da uba, a riƙa sauya shi kafin ya gundure shi.

Babban aibin maganaɗisu shi ne sauƙin cirewa. Rai na ɓaci hannu zai kai ga tauraron da aka bayar da safe. Kada a yi. Yaron da aka ƙwace wa abin da ya samu da guminsa ba zai ƙara yarda da allon ba. Laifin rana a yi maganinsa daban. In hali ya zauna na mako biyu ko uku, a rage taurarinsa a hankali, a bar yabo, a sa sabon hali a layin.

Kafin a saya, a gwada ƙarfin taurarin, don masu sirara kan zame idan an buga ƙofar firiji, wasu ƙofofin ma ba sa kama maganaɗisu sam. A guji masu ƙananan maganaɗisu da gam ya riƙe: idan yaro ya haɗiye biyu suna iya manne hanji su huda shi, saboda haka gidan da ke da ɗan ƙasa da shekara 3 ya koma takarda da sitika.

Allon ya fi dacewa da 'yan shekara 3 zuwa 8, kowane yaro da nasa, ban da gasa tsakanin 'yan'uwa. Yaron da ke ji wa kansa ko wasu rauni, ko wanda halinsa ya sauya farat ɗaya, likitan yara ya kamata ya fara gani.