Bindiga mai baki biyu da mai sakata: wa ke bin wa wajen saiti?

Malam, ka ce mai gidan da kuke shiga dajin Faro na arewacin Kamaru da shi ya canza kwalin harsashi, sai bindigarsa mai baki biyu, mai lambar harsashi .470, ta fara watsa harbi, dama daban hagu daban, alhali .375 mai sakata (wadda ake jan sakata a ɗura harsashi kafin kowane harbi) ba ta taɓa ba ku wannan ciwon kan ba. Kana tambaya ko bindigar ce ta lalace. Da wuya in ita ce.

Mai sakata bututunta ɗaya ne. Ka ba ta kowane harsashi na lambarta, in ya sauka ƙasa ko gefe sai ka murɗa madubin saiti ya bi shi, magana ta ƙare. Saiti ne ke bin harsashi.

Mai baki biyu kuwa harsashi ne ke bin ta. Tun a maƙera, a Ingila ne ko Jamus ko Faransa, ake liƙe bututun biyu da dalma, a harba, a narke, a gyara, a sake harbawa, har dama da hagu su haɗu a nisa guda, galibi mita 50 zuwa 100. Da harsashi iri ɗaya tak ake wannan aikin. A .470 yawanci mai nauyin giram 32 ne, mai gudun mita 655 a daƙiƙa. Dalilin kuwa, in ka harba bututun dama, bindigar kan fizgo sama da dama tun harsashin bai fita ba, na hagu kuma ya yi hagu. Shi ya sa ake ɗan karkato bakunan zuwa juna. Harsashin da ya cika gudu zai fita kafin fizgar ta kai inda aka ƙiyasta, sai harbin ya gitta: na dama ya faɗa hagu, na hagu ya faɗa dama. Wanda gudunsa ya gaza kuma ya daɗe a ciki, sai su ware. Saboda haka ku sa takardar gwajin harbi biyu, ɗaya ga kowane bututu, ko ku yi wa kowane rami alama da biro bayan harbi ɗaya. Wanda bai san ramin wane bututu yake kallo ba, bai san ko gudu ya yi yawa ko ya gaza ba.

Masu cika kwanso da kansu a Turai da Amurka da wannan suke aiki: su riƙe nauyin harsashi yadda yake, su riƙa taɓa albarushi kaɗan-kaɗan cikin iyakar littafin kamfani har ramukan su matso. Mu a nan ba na ba da wannan shawarar. Makamai da harsasai suna ƙarƙashin dokar Kamaru ta 2016, ga zafin Maris da Afrilu da kan haura digiri 40 a Garwa, kuma zafi na ƙara wa albarushi ƙarfi. Abin da ya yi daidai a sanyin Turai yana iya gittawa a bakin Binuwai. Ku nemo irin kwalin da aka saita ta da shi, kada kuma a bar harsashi yana gasuwa a gaban mota.

Riƙo ma ya bambanta. Mai sakata tana yafe wa mutum: ɗora ta kan buhun yashi, harba a natse, jira ta huce. In ka yi wa mai baki biyu haka, ƙarya za ta yi maka. Tana son a tsaye, hannunka ne zai hau sandunan ɗorawa, ita kuma tana cikin tafinka, gindinta ya zauna sosai a kafaɗa. Kunamar gaba ta dama ce, ita za ka fara ja, ka bi da ta baya cikin 'yan daƙiƙu, domin in dama ya yi zafi hagu na sanyi na dogon lokaci, ƙarfen kan ɗan tanƙware. Sai ka buɗe ta ta huce kafin biyu na gaba.

Ga gwanki a fili, mita 150 ko fiye, ni .375 zan ɗauka ba tare da wani tunani ba. Ba banza ta kai yau tun 1912 ba. Amma bauna mai rauni cikin doguwar ciyawa, taku ashirin tsakaninku, harbi na biyu ba tare da jan sakata ba shi ne abin da aka biya kuɗin mai baki biyu dominsa. In ramukanta huɗu sun shiga faɗin tafin hannu a mita 50, ku bar ta haka.