Sashen tsofaffi na wani asibiti a Jidda da yadda yake auna raunin majiyyaci

Mahaifiyata ta yi kwana goma sha ɗaya a wani asibiti mai zaman kansa a Jidda sakamakon ciwon huhu, ni kuma na zauna da ita a matsayin mai jinya, wato abin da ake kira murafiƙ a nan. Tsabta da abinci ba su da laifi, kuɗin kuma yana da nauyi ga wanda ba shi da inshora. Abin da ya fi jan hankalina shi ne tsarin da suke bi wajen sanin yawan aikin da kowane majiyyaci zai ɗora wa ma'aikatan jinya.

Tun a ranar farko wata nas ta zo da kwamfutar hannu tana tambayar Hajiya ko tana cin abinci da kanta, ko tana wanka da sa tufafi ba tare da taimako ba, ko tana iya tashi daga gado zuwa kujera, ko tana riƙe fitsari. Wannan shi ne ma'aunin Barthel, wanda aka wallafa a Amurka a 1965, mai duba ayyuka goma na yau da kullum da maki daga 0 zuwa 100. Suka haɗa shi da ma'aunin rauni, wato rashin ƙarfin jiki, na Rockwood, wani likita ɗan Kanada, wanda ya fito a 2005 kuma yanzu yake da matakai tara. Da waɗannan makin ne shugabar ma'aikatan jinya take raba gadaje a kowace safiya.

Hikimar tsarin ta gamsar da ni, domin sunan cuta kaɗai ba ya bayyana wahalar jinya. Mata biyu za su iya kwanciya da ciwon huhu iri ɗaya, ɗaya tana zuwa bayi da ƙafarta, ɗaya kuwa sai an juya ta duk bayan awa biyu don gudun gyambon kwanciya, an ba ta abinci a baki, an sauya mata shimfiɗa. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2014 a kan ƙasashen Turai tara ya nuna cewa ƙarin majiyyaci ɗaya a hannun nas yana ƙara haɗarin mutuwa bayan tiyata da kashi 7 cikin ɗari, saboda haka rabon nan ba ƙaramin lamari ba ne.

Inda suka gaza shi ne wurin yin tambayar. An yi ta da Larabci, a gabana, ni ɗanta na fari, kuma duk Bahaushe ya san dattijuwa ba za ta buɗe baki ta ce ba ta iya riƙe fitsari a gaban ɗan farinta ba. Duk abin da aka tambaya sai ta ce alhamdu lillahi tana iyawa. Makinta ya hau, aka lissafa ta cikin masu sauƙin jinya, aka haɗa ta da nas mai gadaje da yawa, har a dare na biyu ta yi yunƙurin sauka ita kaɗai ta kusa faɗuwa. Da ƙanwata ta zo ta yi musu bayani a keɓe, suka sake aunawa a ranar, kuma kulawar ta sauya nan take, wanda dole in yaba musu a kai.

Zan sake kai ta can idan buƙata ta taso. Amma duk wanda zai kwantar da tsohuwarsa a irin wannan sashe, ya tabbatar mace ce daga cikin dangi ta tsaya lokacin tambayoyin, ta kuma faɗi ainihin yadda tsohuwar take a gida makonni biyu kafin ciwon ya kama ta, domin a kan wannan lokacin ne ake auna raunin.