Charlotte ko New York: Amsa ga Ƙanenmu Matuƙin Jirgi na Greensboro

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙanenmu na Greensboro, a jihar North Carolina ta Amurka, ya kawo tambaya shekaranjiya, na ga kowa ya yi masa addu'a da fatan alheri amma ba wanda ya taɓo gundarin maganar, shi ne na ce bari in sa baki. Ga wanda bai gani ba, ya cika awa 1,500 ɗinsa, waɗanda ake nema kafin a ɗauki mutum tuƙin jirgin fasinja, yana koyar da tuƙin jirgi, yanzu kamfani biyu sun kira shi. Akwai PSA, mai ɗaukar wa babban kamfanin jirage na American fasinjojin ƙananan garuruwa, wadda ke da mazaunin ma'aikata, wato filin da matuƙi ke fara aiki ya kuma ƙare, a Charlotte. Akwai kuma Endeavor ta babban kamfanin Delta, wadda yake kyautata zaton New York za ta ajiye shi. Yana da mata da 'ya'ya biyu, matar tana aiki a Greensboro, ƙaura ba ta cikin lissafinsu. Zuciyarsa kuma ta fi kwanciya da Delta.

Ƙanina, bari in faɗa maka matsayata tun daga farko: ni Charlotte zan ɗauka. Amma akwai sharaɗi, zan zo kansa.

Mu fara kawar da abin da ba ya raba gardama. Jirgin kusan ɗaya ne, dukansu CRJ suke tuƙawa, mai cin fasinja 76 in ya yi yawa. Dukansu mallakin babban kamfani ne ɗari bisa ɗari. Albashi ma ba kamar da ba ne. Tun 2022, lokacin da ƙananan kamfanonin American suka kai sabon mataimakin matuƙi dala 90 a awa, sauran suka biyo baya, tazarar da ta rage ba ta kai wadda za ka sayar da barcinka a kanta ba. Abin da ya bambanta su a wurinka shi ne hanyar zuwa aiki.

Daga ƙofar gidanka zuwa filin jirgin Charlotte bai kai mil 100 ba, ka hau babban titin I-85 ka miƙe, awa ɗaya da rabi in ba cunkoso. Makullin motar yana aljihunka. In an ce ka bayyana ƙarfe shida na safe, ka kwana a gadonka, ka tashi ƙarfe uku da rabi, ka kama hanya. Da wuya, amma ba ka roƙon kowa. In an dawo da kai sha ɗaya na dare, kafin ƙarfe ɗaya kana gida.

New York kuwa sama da mil 450 ne ta sama, a mota wajen awa tara. Kenan ka zama abin da nake kira ɗan jeka-ka-dawo, sai ka hau jirgi kafin ka je inda za ka tuƙa jirgi. Kamfani ba ya hana ka, amma kuma ba ya ajiye maka kujera. Tikitinka na ma'aikaci na "in an samu gurbi" ne, sai masu kuɗi sun gama shiga. In jirgi ya cika, saura kujerar naɗewa guda ɗaya da ke ɗakin tuƙi, ita ma da iznin kyaftin, kuma matuƙan kamfanin da ke da jirgin su ne a gabanka. Akwai jirage kai tsaye daga Greensboro zuwa LaGuardia, ɗaya daga filayen jirgin New York, gaskiya ne, sai dai ba su da yawa, kuma ƙanana ne. Sannan LaGuardia fili ne da hadari kaɗan na damina ko dusar ƙanƙara ke hargitsawa, jiragen da ake fara sokewa kuma su ne irin waɗannan ƙananan. Yawancin kwantiragi suna da sassauci ga ɗan jeka-ka-dawo: in ka nuna ka gwada jirage biyu da za su kai ka a kan lokaci ba ka samu ba, ba za a hukunta ka ba. Amma fa kuɗin tafiyar da ka rasa ya tafi, kuma a shekarar farko ta gwaji ba wanda ke so manaja ya haddace sunansa.

Na yi wannan rayuwa shekara biyu da 'yan watanni, a wani kamfani dabam, daga Ohio zuwa New York, don haka ba ji na yi ba. Masaukina yana Kew Gardens a Queens, unguwar da ma'aikatan jirgi suka cika saboda tana tsakanin filayen jirgin JFK da LaGuardia. Gida ne mai ɗaki uku, kowane ɗaki gado mai hawa biyu guda uku, 'yan ɗaruruwan daloli a wata. Kowa ya manna sunansa a robar abincinsa a firji. Agogon wani ya buga ƙarfe uku, na wani uku da rabi, wani kuma sai lokacin yake shigowa yana jan akwati. Sallar asuba a kicin nake yi, tsakanin firji da injin wanki, don nan ne kaɗai zan kunna fitila ban tashi kowa ba. Da azumi, sahur ɗina dabino ne da shinkafar da maiɗakina ta dafa kwana uku da suka wuce.

Ranar da na fi tunawa wata Alhamis ce. Na gama aiki ƙarfe huɗu na yamma, washegari sunan ɗan ƙanwata. Jirgin farko ya cika. Na biyu an soke shi saboda hadari, fasinjojinsa suka cika na uku. A na ƙarshe mu uku ne muka tsaya gaban kanta da kayan aiki a jikinmu, kowa yana satar kallon katin wuyan ɗan'uwansa don ya san wa ke gaba. Ba ni ba ne. Na koma masauki na kwana, na iso gida ana wanke tukwane. Kuma wannan duk a cikin ranakun hutuna ne, kamfani ba ya bin bashin su, ni ma ba na bin sa.

To ga lissafi, ka yi shi da biro. A ce a wata kana da tafiya huɗu, kowace ta kwana huɗu, aiki kwana 16 kenan, hutu 14. Na Charlotte yana cin 14 ɗinsa kusan cur. Na New York, duk tafiyar da ta fara da sassafe sai ya tafi tun jajibere, duk wadda ta ƙare da dare sai ya kwana. Ko da rabinsu ne suka zo haka, kwana huɗu sun zube a wata, 48 a shekara. Tafiyoyin da suke farawa da rana su ƙare da wuri akwai su, amma manya ne ke kwashe su, domin a wannan sana'a komai da lambar siniya ake rabawa, wato ranar da aka ɗauke ka: mazauni, jadawali, hutun shekara, hawa kujerar kyaftin.

Inda abin ya fi ciwo shi ne watannin farko, lokacin jiran kira. Sabon ɗauka ba shi da jadawalin kansa, zama yake da waya a hannu, hutunsa kwana 11 ko 12 a wata, in an kira shi a gajeren kira abin da aka saba awa biyu ne ya bayyana. Ɗan jeka-ka-dawo dole ya zauna a masaukin nan kwana biyar ko shida a jere, wani lokaci ba a ma kira shi ba, ya bar 'ya'yansa ya zo yana kallon silin. Kai kuwa a Charlotte mota ce. Sai dai kar in yi maka daɗin baki, awa biyu daga Greensboro ta yi matsi: ga titi, ga wurin ajiye motar ma'aikata, ga bas ɗin da za ta kai ka ciki. A ranakun gajeren kira za ka iya buƙatar matsawa Salisbury ko Concord, garuruwan da ke kan hanyar Charlotte, ka zauna da akwatinka a but. Amma da lokacin kiran ya ƙare ka juya gida ka ci tuwon dare.

Yanzu bari in yi wa New York adalci, don tana da abin faɗa. Tsadar garin ta sa ba kowa ke son ta ba, duk wanda lambarsa ta ɗan hau sai ya gudu, saboda haka sabo yakan fita daga jiran kira da wuri, ya samu jadawalin kansa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin doka ta ce sai ka yi awa 1,000 a irin wannan aikin kafin ka zama kyaftin, mai jadawali kuma ya fi mai zaman jira tara awoyi. Charlotte akasin haka ce, gari ne mai sauƙin zama, mutane suna shiga su ƙi fita. Da a ce kai gwauro ne, da na ce maka tattara ka koma Bronx, ga 'yan'uwa Hausawan Gana da na Nijar, ga masallatai, ga waina, ka zauna a mazauninka ka huta. Ba New York ce matsalar ba, zama a Greensboro da aiki a New York ne.

Batun Delta kuma, na gane. PSA tana da hanyar zarcewa American bisa lambar siniya ba tare da sabuwar ganawa ba, Endeavor ma tana da nata tsarin shiga Delta. Amma sharuɗɗan nan suna canzawa, shekarun jira suna miƙewa ko su gajarta gwargwadon yadda manyan ke ɗaukar mutane. Kuma zama a PSA bai hana ka nemi Delta da kanka ba in awoyinka sun cika, mutane da yawa ta wannan ƙofar suka shiga. Mallakar babban kamfani ma ba laya ba ce: Comair ta Delta ce, aka rufe ta a 2012. A 2020 wasu ƙananan kamfanoni, Compass da Trans States da ExpressJet, duk sun tsaya. Shi ya sa na fi natsuwa da mazaunin da ke babbar cibiya irin Charlotte, wadda ko wannan kamfani ya tashi American na nan.

Akwai abu ɗaya da ba na so in tsallake, gajiya. Awa 1,500 ɗin nan da ka sha wahalar tarawa, asalinta hatsarin jirgin Colgan mai lamba 3407 ne, ranar 12 ga Fabrairu 2009, daga Newark zuwa Buffalo, mutum 50 suka rasu. Masu bincike sun ɗora babban dalili a kan yadda kyaftin ya sarrafa jirgin lokacin da gudunsa ya ragu, amma sun bayyana cewa matuƙan biyu daga nesa suke zuwa aiki, shi daga Florida, mataimakiyarsa daga Seattle, ta kwana tana bin jiragen kaya kafin ta iso. Dokar hutu da ta fara aiki a 2014 ta wajabta awa 10 kafin kowane aiki, da damar barcin awa 8 a ciki, amma ba ta ƙirga zirga-zirgar zuwa aiki ba. Kai ne za ka sa hannu cewa ka huta. Wannan nauyin ya fi sauƙin ɗauka ga wanda ya tashi daga gadonsa.

Sharaɗin da na ce kuwa, shi ne cewa PSA tana da mazauni a Charlotte ba yana nufin nan za a fara ajiye ka ba. Tana da wasu, irin su Washington da Philadelphia, sabo kuma inda aka samu gurbi ake kai shi. Kar ka tsaya a bakin mai ɗaukar ma'aikata, aikinsa ya cika aji. Da na gaba ake gane zurfin ruwa: nemi matuƙa biyu ko uku da aka ɗauka cikin shekarar nan a kowane kamfani, ka tambaye su mafi ƙanƙantar wanda ya samu Charlotte yaushe aka ɗauke shi, wata nawa ake yi a jiran kira a can, da kuma awa nawa mai jiran ke tuƙawa a wata. In sun ce maka 'yan watanni ne, ka daure ka yi jeka-ka-dawon ɗan lokaci, mai wa'adi ne. In kuwa sun ce ya fi shekara, to sai mu sake zama, kuma a lokacin ka duba Piedmont, ita ma ta American ce, ita ma tana da mazauni a Charlotte.

Kafin ka amsa wa kowa, ka zauna da uwar yara da kalandar wata ɗaya, ka zana mata ranakun kowane zaɓi da jan biro, har da na jajibere. Ita ce za ta kai su makaranta a waɗannan ranakun. In ka samo amsoshin nan uku ka turo min, ranar Lahadi ina gida.